Wake Ɗaya a Ɗakin Intabiyu: Yadda Ake Auna Aibin Mai Neman Aiki

A shekarar 1946 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya karanta wa ɗalibai siffofi bakwai na wani mutum da ba su taɓa gani ba. Ya ce mutumin mai basira ne, gwani, mai ƙwazo, mai faran-faran da jama'a, mai azama, mai tafiyar da al'amura a aikace, mai taka-tsantsan. Ga wani rukunin ɗaliban kuma ya karanta jerin nan dai, sai dai ya sauya siffa ɗaya tak: inda ya ce mai faran-faran, sai ya ce marar sakin fuska. Daga nan ya tambaye su ko mutumin mai kyauta ne. Kashi 91 cikin 100 na rukunin farko suka ce e. A rukuni na biyu kashi 8 ne kawai suka yarda. Alhali babu wanda ya ce musu komai game da hannun mutumin, buɗaɗɗe ne ko rufaffe.

Abin da ke faruwa ke nan kullum a inda ake tantance masu neman aiki, daga ma'aikatar gwamnati har zuwa kantin magani mai neman mai riƙe kuɗi. Kan mutum ba ya tara siffofin wani ya haɗa jimla. Aji yake nema masa. Da zarar ya ga wata alama, sai ya ce wannan malalaci ne, wannan ɗan gata ne, wannan mai girman kai ne, wannan kuma mai goyo ce, ba za ta zauna a ofis ba. Ajin ne zai cike sauran bayanin da ba a gani ba. Kuma alamar da ta fi saurin buɗe ajin ita ce mara kyau. Bahaushe ya ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Aikin kwamitin tantancewa shi ne ya gano ko waken ne da gaske, ko kuwa idon mai duba garin ne.

Me ya sa aibi ya fi nauyi

Tun a shekarun 1950 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada, ƙarƙashin jagorancin Edward Webster, suka yi nazarin masu yin intabiyu, har da jami'an da ke ɗaukar soja. Sun gano cewa ganawar takan koma farautar aibi. Labari mara daɗi ya fi saurin juya ra'ayin mai tantancewa daga karɓa zuwa ƙi, fiye da yadda labari mai daɗi ke juya shi daga ƙi zuwa karɓa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ɗauki ma'aikacin da ya zame wa kowa alaƙaƙai zai sha tambaya, a ce wa ya kawo mana wannan. Wanda kuwa ya sallami gwani, babu mai tuhumarsa, domin gwanin ya tafi wani wurin, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kuskure ɗaya yana da shaidu, ɗayan ba shi da su.

Sai dai ba kowane aibi ne ke da nauyi iri ɗaya ba, kuma a nan ne sana'ar take. A 1987 da 1989 John Skowronski da Donal Carlston suka bayyana cewa mutane kan auna hali ne da wani ma'auni, su auna iyawa da wani. A wajen gaskiya da amana, mugun aiki ne ke fayyace mutum. Maƙaryaci ma yana faɗar gaskiya sau da yawa a rana, saboda haka jin gaskiya daga bakin mutum bai raba shi da maƙaryata ba. Amma mai amana ba ya buga takardar jabu. Wanda aka kama da ita sau ɗaya ya nuna ajinsa. A wajen iyawa kuwa abin ya juya. Gwani yakan yi tuntuɓe, ya manta abin da ya sani, ya yi shirme a ranar da bai yi barci ba. Wanda bai iya ba ne ba zai taɓa warware lissafi mai wuya bisa kuskure ba. Ke nan a fagen iyawa, abin kirki ɗaya da mutum ya yi ya fi kuskurensa ɗaya bayani.

Ɓarnar da kwamitoci ke yi ita ce su ɗauki ma'aunin amana su auna iyawa da shi, ko ma su auna abin da ba hali ba ne, ba iyawa ba. In'ina, rawar murya, kuskuren rubutu ɗaya a takarda, Turanci mai karin harshen gida, riga mara guga: duk waɗannan sai a karanta su a matsayin shaidar hali. A ce wanda bai kula da rigarsa ba, ba zai kula da aikinmu ba. Magana ce mai daɗin faɗa. Hujja ce ba ta da ita.

Kafin a buɗe fayil ko ɗaya

Aikin farko ana yin sa ne tun masu nema ba su iso ba. Kwamiti ya zauna ya rubuta abubuwa biyar ko shida da aikin ke buƙata da gaske, a faɗe su da kalmomin da za a iya gani a aikace. Idan akawu ake nema, a rubuta daidaita lissafin wata, kiyaye rasit, iya aiki da kwamfuta, faɗa wa na gaba gaskiya idan kuɗi ba su cika ba. Kalmomi irin su natsuwa da kamala da dacewa da mu, a bar su waje. Ta cikinsu ne son rai ke shigowa, domin kowa na iya cusa musu ma'anar da ya ga dama.

A takarda ta daban kuma a rubuta aibobin da ke kayar da mutum kai tsaye. Jerin ya zama gajere: takardun bogi, ƙarya kan inda aka yi aiki, tabbataccen tarihin taɓa dukiyar da aka ba shi amana, rashin lasisi ga aikin da doka ta ce sai da shi, kamar direba ko ma'aikaciyar jinya. Duk abin da bai shiga jerin nan ba, maki kawai zai rage a layinsa. Ba zai kori mutum ba. Amfanin rubutawa tun da wuri shi ne, idan aka bari sai an ga fuskoki, kowane ɗan kwamiti zai ƙirƙiro sharaɗin da ya dace da wanda ransa ya ƙi.

Tace takardu

A nan ne aji ya fi yin ɓarna, saboda mai takardar ba ya nan balle ya kare kansa. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanonin Boston da Shikago. Takardun iri ɗaya ne, sunayen ne suka bambanta. Masu sunayen da aka san fararen fata da su, irin su Emily da Greg, sun sami kiran intabiyu da ya ɗara na masu suna irin Lakisha da Jamal da kashi 50 cikin 100. A Faransa kuma, a 2010, Claire Adida da abokan aikinta suka gwada sunaye biyu masu asalin Senegal, Marie Diouf da Khadija Diouf. Sunan dangi ɗaya, karatu ɗaya, ƙwarewa ɗaya. An amsa wa Marie a kashi 21 cikin 100 na wuraren, Khadija kuwa kashi 8.

Giɓin zaman banza ma haka. A 2013 Kory Kroft da abokansa suka ba da rahoton takardu kusan 12,000 da suka aika birane 100 na Amurka. Kiran da ake yi wa mai nema yana raguwa gwargwadon daɗewarsa ba aiki, kuma mafi yawan faɗuwar tana aukuwa ne cikin watanni takwas na farko. Mai tacewa yana cewa a ransa, da yana da kirki da tuni wani ya ɗauke shi. Kowa na jingina da hukuncin da yake zaton wani ya yanke.

Mai tace takardu a Nijeriya ya fi kowa buƙatar ya yi hattara da wannan zato. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga jiran sakamako, ga jiran kiran bautar ƙasa. Yaron da ya gama digirin shekara huɗu a cikin shida ba lallai ne ya maimaita aji ba. Tallan aikin da ke cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 yana zaɓo waɗanda iyayensu suka iya biyan jami'a mai zaman kanta ne, ba masu ƙwazo ba. Haka nan bambancin da ake nunawa tsakanin mai digiri da mai babbar difloma: sunan kwalin yakan yanke hukunci tun ba a ga abin da hannun mutum zai iya ba.

Dabarar da aka fi ambata ita ce rufe suna da hoto da jiha da addini kafin a miƙa takardun ga masu ba da maki. Tana da amfani, musamman inda ake zargin ana fifita 'yan gida. Amma ba maganin komai ba ce. Da hukumar samar da aiki ta Faransa ta gwada takardu marasa suna a wajajen 2010, sai aka ga 'ya'yan baƙin haure sun ƙara samun ƙarancin kira. Masu binciken sun ba da dalilai biyu. Kamfanonin da suka yarda a yi gwajin da su dama ba masu ƙyamar baƙi ba ne. Sannan a da, idan suka ga giɓi a takardar ɗan baƙin haure, sukan yi masa uzuri saboda sun san wahalar da irinsa ke sha. Da aka rufe sunan, sai giɓin ya tsaya tsirara. Saboda haka kwamitin da zai rufe suna, ya haɗa da yanke shawara kan giɓi: ba a rage maki a kansa sai an tambayi mai shi.

A cikin ɗaki

A ɗauka wata makarantar sakandare tana neman malamin lissafi. Saurayi ya shigo a makare da minti ashirin, gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi sallama, ya rusuna, ya zauna a bakin kujera, kansa a sunkuye. Shugaban kwamiti ya dubi agogo ya ce, "Malam, ka makara." Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, motar ce ta mutu mana a hanya." Shugaba bai ce komai ba, amma ya riga ya jingina da kujera. Tambayoyinsa suka zama gajeru, bai ƙara ɗaga kai daga fayil ba. Cikin minti takwas aka sallami saurayin. Ƙofa na rufuwa shugaba ya juya wajen wata 'yar kwamitin ya ce, "Hajiya, kin gani ko? Ba shi da himma, ko ido ba ya iya haɗawa da mutum. Wannan ai yara sai su raina shi."

Abu biyu aka gani: makara, da sunkuyar da kai. Abu uku aka yanke: rashin himma, rashin ƙarfin hali, rashin iya riƙe aji. Ba a ba shi alli ba balle a ga ko ya iya koyarwa. Sunkuyar da kan kuwa, a gidan da ya tashi ladabi ne. Yaron da aka hora da cewa ba a zuba wa babba ido, shi ne littattafan koyon intabiyu na Turawa ke kira marar gaskiya.

Akwai kuma abin da shugaban bai lura da shi ba, wato shi da kansa ya taimaka wajen ɓata ganawar. A 1974 Carl Word da Mark Zanna da Joel Cooper suka nuna haka a Jami'ar Princeton. Ɗalibai fararen fata da aka sa su yi intabiyu sun zauna nesa da baƙaƙen masu nema, sun yi ta sarƙewar harshe, sun kuma gama ganawar da wuri, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A zagaye na biyu sai aka horar da masu tambaya su yi wa wasu fararen fata irin wannan tarba. Alƙalan da suka kalli hotunan ganawar, ba tare da sanin abin da aka shirya ba, suka ce waɗanda aka yi wa tarbar sanyi sun fi ruɗewa, kuma ba su dace da aikin sosai ba. Mai tantancewa ya shuka ruɗewa da fuskarsa, sannan ya rubuta ta a matsayin halin mai nema.

Maganin wannan tsari ne. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa, a jeri ɗaya, da lokaci ɗaya. Wanda ya makara ma a ba shi cikakken lokacinsa, a rubuta makarar a layin kiyaye lokaci, a wuce. Tambayoyin su nemi abin da mutum ya taɓa yi ko zai yi: ba mu labarin ranar da ɗalibi ya kasa gane darasi, me ka yi? Kuma duk inda zai yiwu a ba shi aikin ya yi a gaban kwamiti. Malami ya koyar na minti goma, sakatariya ta buga wasiƙa, makaniki ya gano abin da ke damun inji. A babban nazarin da Paul Sackett da abokansa suka fitar a 2022, wanda ya sake auna binciken shekaru masu yawa, intabiyu mai tsari ce ta zo kan gaba wajen hasashen yadda mutum zai yi aiki. Hirar kara-zube ta tsaya can baya.

Masu ji da kansu a karanta fuska ba sa son jin wannan. Su dubi gwajin da Jason Dana da Robyn Dawes da Nathanial Peterson suka wallafa a 2013. An sa ɗalibai su yi wa 'yan'uwansu tambayoyi don su yi hasashen sakamakon jarrabawarsu ta gaba. A ɓoye aka umarci wasu daga cikin masu amsawa su riƙa ba da amsa barkatai, bisa haruffan da kalmomin tambayar suka fara da su. Masu tambayar ba su gane ba. Sun fita suna jin sun fahimci mutumin sarai, kuma hasashensu bai kai na wanda ya dogara da tsohon sakamako kaɗai kyau ba.

Ba da maki

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Daniel Kahneman ya tsara wa rundunar sojan Isra'ila a 1955, yana ɗan shekara 21, shekaru da dama kafin ya sami kyautar Nobel a 2002. Ya zaɓi siffofi shida, ya ce a yi tambayoyi na zahiri kan kowace, a ba ta maki daga 1 zuwa 5 kafin a wuce ta gaba. Masu yin intabiyun suka yi ƙorafin an mai da su injina. Sai ya yarda cewa bayan sun gama ba da makin shida, su rufe ido su ba da maki ɗaya na abin da zuciyarsu ta raya musu. Sakamakon ya fi na tsohon tsari, kuma makin zuciyar ma ya yi amfani, saboda ya zo ne bayan an tattara hujja, ba kafinta ba. Ba a hana ɗan kwamiti jin abin da ya ji ba. Jinkirta shi aka ce ya yi.

A takardar maki a ware gefe biyu, ɗaya na abin da aka gani ko aka ji, ɗaya na abin da aka fahimta. "Ya ce ya bar wancan aikin ne bayan saɓani da shugabansa" abin ji ne. "Mai rigima ne" fassara ce. Fassarar da ba ta da abin gani a gefenta, a soke ta.

Kowa ya cike takardarsa shi kaɗai, ya sa hannu, kafin a buɗe baki. A wuraren da ba a musu da babba, wannan sharaɗi ya fi kowane muhimmanci, domin idan shugaba ya riga ya ce bai yi masa ba, sauran kwamitin sun zama 'yan amshin shata. In an zo tattaunawa, ƙarami ya fara, shugaba ya zo ƙarshe. A kuma kula da jerin shigowa: matsakaicin da ya biyo bayan gwani yakan zama kamar bai san komai ba, wanda ya biyo bayan mai rauni kuma ya haskaka. Gyaran shi ne a kwatanta amsoshin kowa tambaya bayan tambaya, ba mutum bayan mutum ba.

Idan aibi na gaske ya bayyana, misali tsohon maigidansa ya ce ba a rabu lafiya ba, kwamiti ya tambayi kansa: an tabbatar, ko ji aka yi? Sau ɗaya ne, ko ɗabi'a ce? Ya taɓa amana, ko iyawa, ko kuwa bai shafi aikin ba? Sannan a gaya wa mai neman, a ji ta bakinsa. A ma'aikatun gwamnatin Nijeriya doka ma ta shigo ciki. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, kuma dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta nemi a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Shi kuma mai nema, kada ya bar giɓinsa ya yi magana a madadinsa. Ya faɗi dalilin a jimla ɗaya, jinya ce ko haihuwa ko yajin aiki, ya ƙara da abin da ya yi a lokacin, ko da koyarwa ce a Islamiyya ko riƙe shagon yayansa. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya da takardu sama da 9,000 ya nuna cewa rubuta adadin shekarun da aka yi a kowane aiki, maimakon ranakun farawa da gamawa, ya ƙara yawan kira da kusan kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da takardar da giɓinta ke fili. Wannan gyaran tsari ne, ba ƙarya ba. Ƙarin shekara ko ƙirƙiro wurin aiki kuwa ya faɗa cikin gajeren jerin nan da ke kayar da mutum nan take, kuma kwamiti yana da gaskiya idan ya kore shi a kai.

Ga duk wanda zai shugabanci tantancewa a nan gaba: a buga takardar maki tun ana saura kwana ɗaya, a raba wa kowane ɗan kwamiti tasa, a kuma adana su a fayil bayan an gama. Idan waɗanda aka ɗauka suka cika shekara a bakin aiki, a ciro takardun a gwada makin da aka ba su da aikin da suka yi.